RA'AYINMU: Wa Ke Cinna Wa Dajin Afaka Wuta?

Kowace shekara da zarar hunturu ya kama, duk wanda ya bi hanyar Mando zuwa Birnin Gwari da yamma zai ga hayaƙi ya turnuƙe daji. Wannan wuta ba daga sama take faɗowa ba. Mu ne ke cinna ta, wani don ya kama gafiya, wani don sharar gona, wani don ciyawa ta toho wa dabbobi.

Tun 1954 aka keɓe dajin Afaka, kuma a nan Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya take. Ga shi yau gari ya matso shi, gidaje sun ci gefensa, gatari da wuta na cin sauran. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kananzir da gas suka fi ƙarfin talaka, jama'a suka koma ga gawayi. Ba mu ga laifin uwargidan da ke neman tuƙa wa 'ya'yanta tuwo ba. Amma fa kowane buhun gawayi da ke bakin hanya a Kawo itace ne aka sare, ko ƙirya, ko ɗorawa, ko kaɗanya. In sun ƙare, ina za a samo daddawa da man kaɗe?

Ita kuwa gobara ba ta tsayawa kan ciyawa. Takan cinye 'yan itatuwa masu tasowa, ta kori ƙudan zuma, ta ƙone ƙwan makwarwa, ta bar ƙasa tsirara, ruwan farko ya zo ya kwashe ta.

'Yan'uwa, Littafin Farawa sura 2 ya nuna mana cewa aikin farko da Ubangiji ya ba ɗan Adam shi ne kula da gona. Amana ce, kuma za a tambaye mu.

Saboda haka muna kira ga fastoci da dattawan ikilisiya su ja kunnen matasanmu, kada a ƙone daji saboda naman Kirsimeti. Zumuntar mata ta koya wa juna amfani da murhu mai rage cin itace. Kowace ikilisiya ta dasa itatuwa da damina, ta kuma sa masu ba su ruwa da rani, domin a nan ne dashe ke mutuwa. Mu gayyaci maƙwabtanmu Musulmi mu yi aikin tare, tun da zafin Afrilu bai bar kowa ba. Gwamnatin jiha kuma ta ƙarfafa wa ma'aikatan gandun daji gwiwa.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, amin.