Martani Ga Masu Cewa Godiyar Kiristocin Ƙanƙara, Faskari Da Sabuwa Wauta Ce

Duk shekara idan kaka ta yi, majami'un ƙauyukan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa sukan yi sujadar godiya. Mai dami ya kawo dami, mai kwano ya kawo kwano, matan zumunta su rera waƙa, a gode wa Ubangiji da ya nuna wa rai wata kakar. Duk shekara kuma sai wasu, yawancinsu daga inda ba a kwana da ƙarar bindiga, su taso da zarge-zargen da suka saba: wai an rufe wa mutanen nan ido, wai an koya musu yin shiru, wai fastoci ne ke cin moriyar haƙurinsu. Wanda ya yanke hukunci kafin ya ji shaida ba hujja yake nema ba, don haka masu zargin ba su ne abokan maganarmu ba. Jama'a muke gabatar wa wannan bayani, su auna kowace magana da abin da ya faru a ƙasa.

Zargi na farko shi ne masu godiyar ba su san girman masifar da suke ciki ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A watan Yunin 2020 'yan bindiga suka afka wa Kadisau a Faskari, suka kashe mutane da dama. A daren 11 ga Disamban 2020 aka kwashe ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, sai ranar 17 ga wata aka sako 344. A Satumban 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da waɗannan ukun, mutum bai iya kiran ɗan'uwansa ko da gobara ta tashi. A ranar Lahadi 15 ga Janairun 2023 aka shiga majami'ar Sabon Rai Don Kowa da ke Ɗantsauri a Ƙanƙara ana tsakiyar sujada, aka raunata fasto, aka tafi da masu ibada daji. Waɗanda suka haƙa kaburbura, suka sayar da shanun huɗa don kuɗin fansa, su ne ake cewa ba su san halin da ake ciki ba. Mai cewa haka a jarida ya karanta labarin, su kuwa a jikinsu suka ji shi.

Zargi na biyu shi ne Ikkilisiya tana amfani da wa'azin godiya don wanke gwamnati da toshe bakin talaka. Tarihin shekarun nan ya ƙaryata wannan. A ranar 1 ga Maris 2020 bishop-bishop na Katolika suka sa baƙaƙen tufafi suka yi tattaki a titunan Abuja kan kashe-kashen da ake yi a ƙasar. Makonni biyu bayan sace ɗaliban Ƙanƙara, Bishop Matthew Hassan Kukah, wanda a lokacin Jihar Katsina ke ƙarƙashin yankinsa na Sakkwato, ya fitar da saƙon Kirsimeti da ya caccaki gwamnatin Muhammadu Buhari kan gazawar tsaro. Jama'a ba su manta da abin da ya biyo baya ba: aka yi masa ca, aka ce limami ya tsaya ga mumbarinsa ya bar siyasa. To, wanne za a ɗauka? Idan shugabannin Ikkilisiya suka yi magana, a ce sun wuce gona da iri. Idan mabiya suka yi godiya, a ce an hana su magana. Mai riƙe da waɗannan maganganu biyu a lokaci guda ba gyara yake so ba, laifi yake nema ko ta halin ƙaƙa.

Ga kuma abin da masu zargin suka ƙi bambancewa da gangan. Godiyar da ake yi a majami'a, Allah ake yi wa, ba gwamna ko shugaban ƙaramar hukuma ba. Kare rai da dukiya bashi ne a wuyan hukuma, kuma gode wa Allah bai yafe ko kobo ɗaya daga wannan bashi ba. Manzo Bulus, wanda ya yi wa masu bi gargaɗi kan gunaguni, daga kurkuku ya rubuta wa Filibiyawa wasiƙar da ta cika da farin ciki. Shi ne kuma a garin Filibi ɗin, bayan an yi masa bulala ba tare da shari'a ba, ya ƙi fita a ɓoye, ya dage sai mahukunta sun zo da ƙafarsu sun fitar da shi. Daga baya da ya ga za a yi masa rashin adalci, ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Mutum ɗaya ne ya yi waƙar yabo a kurkuku, ya kuma nemi hakkinsa a gaban alƙali.

Zargi na uku shi ne addinin Kirista ya haramta wa mai ciwo yin kuka. Wanda ya faɗi haka bai buɗe Littafi Mai Tsarki ba, alhali tun 1932 akwai shi cikakke da Hausa. A ciki akwai littafi sukutum mai suna Makoki, kan rushewar Urushalima. Ayuba ya rasa 'ya'ya da dukiya da lafiya, ya yi ta kai kukansa, a ƙarshe kuma abokansa masu yi masa wa'azi aka tsawata wa. Annabi Habakuk ya tambayi Allah dalilin da ya sa yake barin zalunci, sannan ya kammala da dogara gare shi ko da gona ta ƙi ba da amfani. Yesu Almasihu kansa ya zub da hawaye a kabarin Li'azaru. Abin da aka hana shi ne halin Isra'ilawa a jeji, waɗanda aka fitar daga bauta amma suka riƙa zargin Allah da mugun nufi, har suna marmarin komawa Masar. Gwauruwar da ta yi kukan mijinta ranar Asabar, ta zo sujada ranar Lahadi ta gode don 'ya'yanta sun tsira, ba ta saɓa wa kanta ba, ba ta kuma saɓa wa Littafi ba.

Zargi na huɗu shi ne dogara ga Allah ta sa mutanen nan naɗe hannu. A tambayi 'yan kasuwar hatsi na Ɗandume da Funtuwa daga ina masara da dawa suke fitowa. Manomin Sabuwa da na Faskari, Kirista da Musulmi, yana fita gona ya san ana iya ɗauke shi a bakin kunya. A wasu ƙauyukan sai an biya 'yan bindiga haraji kafin a yi shuka, a sake biya kafin a yi girbi. Duk da haka damina ba ta wuce shi a kwance. Abin da ake karanta masa a majami'a shi ne labarin Nehemiya, wanda ya yi addu'a, ya kuma sa masu gadi dare da rana har aka gama ginin ganuwa. Bahaushe ma ya ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Mutumin da ya yanke ƙauna ba ya zuba iri a ƙasa. Dogarar da ake zargi ita ce take fitar da shi gona, shi kuwa mai zargin daga wannan gonar yake ci.

Zargi na biyar shi ne fastoci ne ke azurta kansu da baikon talakawa. Idan akwai wanda ya ci amanar Ikkilisiya, a kira sunansa, a kawo shaida, dattawan majami'a da kotu suna nan. Jefa zargi a kan kowa ba tare da suna ba hanyar mai gudun a tambaye shi hujja ce. Faston ƙauye a wannan yanki yawanci manomi ne kamar mabiyansa, kuma gidansa na cikin waɗanda ake fara nema idan an shigo gari. A watan Mayun 2021 aka kai hari cocin Katolika na Malumfashi, aka kashe Fada Alphonsus Bello, aka sace Fada Joe Keke. A Mayun 2022 aka ɗauke Fada Stephen Ojapah da Fada Oliver Okpara daga Gidan Maikambo a Ƙafur. Mai neman arziki ba nan yake kai kansa aiki ba. Hatsin da ake tarawa kuwa, a majami'u da yawa daga cikinsa ake tallafa wa gwauraye da marayu da waɗanda aka koro daga ƙauyukansu.

Saura tambayar da masu zargin ba su taɓa amsawa ba: idan an daina godiya, me za a sa a madadinta? Zuciyar da ta cika da ɗaci ita ce take haifar da ramuwar gayya a kan wanda bai ji ba bai gani ba, ita ce kuma take sa matashi ya sayar da sirrin garinsu ga 'yan daji. Masifar nan ba ta tambayar addini. A ranar 19 ga Agustan 2025 aka buɗe wa masu sallar asuba wuta a masallacin Unguwar Mantau da ke Malumfashi. Maƙwabcinmu Musulmi idan aka yi masa jaje yakan amsa da Alhamdulillahi, kuma babu mai hankalin da zai kira shi wawa. Ma'aunin da aka yi masa adalci da shi, da shi za a auna Kirista.

Hukunci yana hannun jama'a. An ce ba su sani ba, ga ranaku da sunayen garuruwa. An ce an toshe musu baki, ga shugabanninsu a titi da kan mumbari. An ce sun naɗe hannu, ga hatsinsu a kasuwa. Mai kishin mutanen Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa da gaske ya juya tambayarsa ga masu riƙe da kuɗin tsaro: me ya sa sulhun da aka yi da 'yan bindiga a 2019 ya rushe, yaushe manomi zai daina biyan haraji ga ɗan bindiga, yaushe waɗanda aka raba da gidajensu za su koma? Kiristocin yankin za su tsaya tare da shi a yi wannan tambaya da babbar murya, kuma ba za su nemi izinin kowa ba kafin su gode wa Ubangijinsu.