Kwandon aro ba ya sanin kasuwarmu

Ƴan uwa matasa, yau maganata da masu rubuta kod ce, da kuma ƴan kasuwar da ke biyan su.

Kwanan baya a fadarmu, muna shan shayi, wani abokina ya nuna mana shafin da ya gina wa wata ƙungiyar mata masu sayar da kilishi da turaren wuta a nan Maraɗi. Ya sa masa kwandon sayayya, irin wanda kake danna kaya su taru wuri guda kafin ka biya. Bai rubuta shi da kansa ba, ya ɗauko laburaren kod da wasu suka riga suka rubuta, cikin dare ɗaya ya haɗa. Muka yi ta tafi. Bayan kwana uku matan suka kira shi hankali a tashe: kilishin jika biyar ya fito a shafin a kan dala goma. Mutane sun yi oda, wasu har sun ɗauki hoton farashin suna cewa an yaudare su.

Abin da ya faru mai sauƙi ne. Yawancin waɗannan laburare an rubuta su ne don dalar Amurka da yuro, kuɗin da ke da santi. Suna ajiye farashi da ƙaramin kuɗi, sannan su raba da 100 kafin su nuna. Sefa kuwa ba a kasuwanci da ita da santim. Wanda bai gyara wannan saitin ba, 5000 sai ta koma 50. Layi ɗaya ne, amma ya taɓa mutuncin matan da suka yi shekaru suna gina amana.

Kar ku fahimce ni baibai. Ban ce a daina amfani da laburare ba. WooCommerce da ire-irensa dubban mutane sun gwada su, sun toshe ramukan da kai kaɗai ba za ka hango ba. Wanda ya ce sai ya rubuta komai daga tushe, wahala kawai zai sha. Abin da nake cewa shi ne, kayan aro sai ka san yadda aka ɗinka shi kafin ka sa wa wani.

Dubi abin da kwandon ke tambaya in an zo ƙarshe: lambar gida, sunan titi, lambar gidan waya, katin banki. Wa ke kwatanta gidansa haka a Damagaram ko Tawa? Mu cewa muke bayan masallacin Juma'a, kusa da mai shayi, in ka iso ka kira. Kuɗi kuma ta Nita ko Amana ake turawa, ko Airtel Money, ko a ba ɗan kabu-kabu hannu da hannu in ya kawo kaya. Wasu laburaren an gina su kacokan a kan Stripe, wanda ɗan kasuwar Nijar ba zai iya buɗe asusu a cikinsa da adireshin nan ba. To kwando ya cika, ina ƙofar fita?

Ga maganar rezo. Kowane laburare da ka ƙara, nauyi ne da wayar mai saye za ta sauke da megan da ya saya da kuɗinsa. Kai ka gwada a kan wifi a Yamai, ita kuma cinikin daga Dakoro za ta yi shi. In shafi ya ƙi buɗewa, ba za ta kawo ƙara ba, WhatsApp za ta koma.

Sai tsaro. Kwanduna da yawa suna ajiye kaya da farashi a cikin wayar mai saye. Duk wanda ya ɗan san kan abin zai iya canza farashin kafin ya tura. Dole uwar garke, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kai, ta sake lissafi da kanta. Kuma laburare na wani ne, yana iya janye shi. A 2016 wani ya cire ɗan ƙaramin kod mai suna left-pad daga npm, layi 11 kacal, ayyuka masu yawa a duniya suka tsaya. Lambobin wayar masu saye ma amana ce: tun 2017 Nijar na da dokar kare bayanan mutane, akwai kuma hukumar HAPDP. Ka san inda kwandonka ke aika su?

Shawarata: ɗauki laburare, amma karanta bayaninsa kafin ka haɗa. Saita kuɗi a kan XOF, ka gwada da kayan dala ashirin da na jika ɗari. Cire gurbin lambar gidan waya, sa unguwa da kwatance da lambar waya. In babu hanyar biya a shafin, bari maɓallin ƙarshe ya tura jerin kayan kai tsaye zuwa WhatsApp ɗin mai kaya, su ƙarasa ciniki yadda suka saba. Sannan ka ba mamanka ko ƙanwarka wayar, ka yi shiru, ka ga inda za ta maƙale.

Ku kuma ƴan kasuwa, kar kyan shafi ya ruɗe ku. Kafin ku biya mai aikin, ku yi oda da kanku, daga farko har kaya su iso hannu.

Abokina ya gyara nasa, matan sun ba mutane haƙuri ɗaya bayan ɗaya, wasu kuma har yau ba su dawo ba. Wa ya taɓa cin karo da irin wannan a aikinsa? Ku faɗa mana yadda kuka warware, wani ya tsira.