Ƙofar Takarda: Kirarin Sarauta a Zanen Dürer

A shekarar 1515 ne Albrecht Dürer da abokan aikinsa a birnin Nuremberg na Jamus suka kammala zanen Ƙofar Nasara domin Sarki Maksimiliyan na Ɗaya, mai mulkin Daular Rum Mai Tsarki. An sassaƙa zanen a kan allunan katako 195, aka buga shi a manyan takardu 36 waɗanda in an haɗa su tsayinsu ya haura mita 3. Ba a taɓa gina ƙofar da dutse ba. Ta takarda aka yi, aka rarraba wa sarakuna da majalisun birane domin a manna a bango.

A ganina, wannan zane kirari ne da aka yi wa ido. A cikinsa an jero salsalar sarki da auratayyar gidansa da yaƙe-yaƙensa da ƙasashen da yake iƙirarin mallaka, har da ɗakin taskarsa. A ƙololuwa kuma an zaunar da shi tsakanin dabbobi masu ɗauke da ma'ana, irin su zaki da bajimi. Duk wanda ya nazarci waƙoƙin fada na Narambaɗa ko Ɗanƙwairo ya san waɗannan tubalai: asali da jarunta da dukiya da alamtarwa da dabba.

Sai dai sarkin da aka zana wa taska ya rayu ne cikin bashi. Ya jinginar da ma'adinan azurfa da tagulla na yankin Tirol ga attajiri Jakob Fugger na Augsburg. A 1518 masu masaukai a Innsbruck suka ƙi saukar da ayarinsa saboda tsohon bashin da ba a biya ba, ya rasu a Janairun 1519. Ke nan takarda ta ba shi alfarmar da aljihunsa ya kasa saya, kuma ta kai garuruwan da ginin dutse ba zai je ba.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne yadda muke karanta yabo. Sau da yawa a kundayen digiri mukan ɗauki baitin makaɗin fada mu kafa shi hujjar tarihi kai tsaye. Yabo shaida ce ta gaske, amma shaidar surar da fada take so a riƙa ganin sarki da ita. Kafin manazarci ya kafa hujja da shi, ya kamata ya tambaya: wa ya ɗauki nauyin aikin, wa ake so ya ji, kuma wane rauni ne kambamawar take rufewa?