FILIN MATA: Zaɓen Masauki Don Kallon Hasken Arewa

A makon nan za mu leƙa can ƙuryar arewacin duniya, ƙasashen Suwidin da Norwe da Finlan, inda wani haske yake bayyana a sararin sama da dare, galibi kore, wani lokaci da ja a samansa, yana kaɗawa kamar zane a kan igiya. Wata cikinmu karatu zai kai ta can, wata kuwa ɗanta ko 'yarta, to, ya kamata a san yadda ake zaɓen masauki.

Asalin hasken daga rana yake. Tana feso waɗansu ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, su zo su bugi iskar da ke sama da mu kimanin kilomita 100 ko fiye, sai iskar ta yi haske. Ƙarfin abin yana hawa da sauka duk shekara 11, ya kuwa kai ganiyarsa a 2024. Ana ganinsa daga Satumba zuwa Maris, gama da bazararsu dare ba ya yin duhu.

Abu na fari shi ne duhu. Fitilun gari suna dushe hasken, shi ya sa masu kallo suke kama 'yan ɗakunan katako a bayan gari. Ki nemi wanda ke da fili ta fuskar arewa, ba dutse ko dogayen itatuwa a gabansa. Bakin tafki ya fi. Ki kuma duba kwanan wata, domin farin wata yana rage masa kyau.

Na biyu, sama garau. Kome ƙarfin hasken, in akwai gajimare ba a ganin kome. Shi ya sa ƙauyen Abisko na Suwidin ya yi suna. Duwatsun da ke yamma da shi suna tare hadarin da ke tasowa daga teku, sai samansa ta fi ta maƙwabta washewa. Duk da haka kada a kama ɗaki na dare ɗaya. A yi kwana 3 ko 4, a riƙa fita tsakanin ƙarfe 10 na dare da 2.

Na uku shi ne wanda ya fi muhimmanci, watau lafiya. Ɗakin da ya fi kyau a hoto sau da yawa shi ne ya fi nisa da taimako. Sanyin wurin yakan wuce awo 20 ƙasa da sifili, a watan Disamba kuma sai a yi makonni rana ba ta fito ba. Daga Abisko zuwa asibitin garin Kiruna kusan kilomita 100 ne, ko da yake akwai hanyar mota da ta jirgin ƙasa. Saboda haka kafin a biya ko kwabo, a tambayi mai ɗakin: ana share ƙanƙarar hanya har bakin ƙofa? Akwai lantarki da ruwan famfo? Makewayi a ciki yake ko a waje? Waya tana samun layi? Ina kanti mafi kusa? Waɗansu ɗakunan ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma mai zuwa ita za ta yi girkinta.

Batun murhu kuwa ba baƙo ba ne gare mu. Mun san abin da garwashi yake yi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu. Haka yake can. In da itace ake ɗumama ɗakin, a tabbata bututun hayaƙinsa a buɗe yake, kuma akwai ƙararrawar da ke kuka in iska mai guba ta taru, don iskar nan ba ta da wari. Lambar neman agaji a Suwidin 112 ce, a rubuta ta a ajiye.

Shawarata, ɗakin da ke ɗan nesa da fitilun ƙauye amma kusa da hanya ya fi wanda ke tsakiyar daji, musamman ga mai yara ko mai juna biyu. Rigakafi ya fi magani.

'Yan makaranta, ku buɗe taswira ku nemo Kiruna da Abisko, ku nuna wa iyayenku mata. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.