Man ɓawon lemo: Ko zai iya maye gurbin magungunan kashe ciyawa?

Tun da Hukumar NAFDAC ta sanar da haramta maganin kashe ciyawa na paraquat daga shekarar 2024, tambayar da ke bakin manoma da dillalan kayan gona ita ce: da me za a maye gurbinsa? Tarayyar Turai ta hana amfani da shi tun 2007 saboda tsananin gubarsa. Shi ma glyphosate, wanda kusan kowane shagon maganin feshi ke da shi, yana shan suka tun 2015, lokacin da cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai yiwuwa yana haddasa cutar, ko da yake Turai ta sabunta masa izini na shekara goma a 2023.

A cikin wannan yanayi ne ake yawan ambaton man da ake tatsa daga ɓawon lemo. Batun ba tatsuniya ba ne. Kusan kashi 90 cikin ɗari na man ɓawon lemon zaƙi wani sinadari ne da ake kira limonin, wanda shi ne ke ba ɓawon ƙamshinsa. Idan aka fesa shi, yana narkar da siririn maiƙon da ke lulluɓe da ganye, sai ruwan jikin ganyen ya tsere, ciyawar ta yi yaushi ta bushe, musamman idan rana ta take. A Amurka akwai magunguna irin su Avenger da aka haɗa da shi, waɗanda masu noma ba tare da sinadaran zamani ba ke amfani da su. Ba ya daɗewa a cikin ƙasa, kuma haɗarinsa ga mai feshi bai kama ƙafar na paraquat ba, duk da cewa yana iya ƙona fata da ido.

Sai dai iyakarsa inda ya taɓa. Ba ya gangarawa zuwa saiwa, don haka ƙananan ciyayi da suka tsiro kwanan nan ne yake gamawa da su. Ƙiri-ƙiri da tofa da aya-aya, waɗanda ƙarfinsu ke ƙarƙashin ƙasa, za su sake tohowa bayan 'yan makonni. Wuta-wuta kuwa ta riga ta gama tsotse saiwar dawa kafin ta leƙo waje. Ba ya kuma bambance ciyawa da shuka: in ya sauka a kan masara, ita ma ta ƙone.

Babban cikas shi ne tsada. Man da ake samu bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin lemon ba, alhali feshin na bukatar haɗi mai kauri da zai jiƙa ganye sharkaf. A Burazil, wadda ke kan gaba a duniya wajen noman lemo, man rarar masana'antun matse ruwan lemo ne, kuma masu yin turare da sabulu da kayan wanke-wanke na rububinsa. Mu a nan, duk da ɗimbin lemon da ake lodowa daga Binuwai zuwa Kasuwar 'Yan Lemo ta Kano, ɓawon a warwatse yake ƙarewa: a tiren masu feraye, a bola, ko a kaskon wuta don korar sauro. Tattara shi kafin ya ruɓe aiki ne da sai da jari da injin tatsa. Jiƙa ɓawo a bokiti kuma ba zai ba da komai ba, domin man ba ya narkewa a ruwa.

A ganina, gurbinsa a yanzu ƙarami ne: lambun gida, harabar ofis ko makaranta, gefen hanya, da tsakanin bishiyoyin garka. Ma'aikacin da ke noma hekta biyar na masara a ƙauyensu zai ci gaba da dogaro da fartanya da 'yan ƙwadago da magungunan da doka ta amince da su. Dillalin da aka kawo wa kwalba da sunan "maganin ɓawon lemo" kuwa, ya fara duba lambar rajistar NAFDAC da adadin limonin da aka rubuta a jikinta kafin ya zuba kuɗinsa.