Kira ga Gwamnatin Neja da Masarautar Kontagora kan Kangayen Zungeru

Mai girma Gwamnan Jihar Neja, Mai martaba Sarkin Sudan na Kontagora: Daga Kasuwan Garba muke miƙo wannan koke, a kan abin da ya rage na gidajen Turawan mulki a Zungeru.

Tun 1902 Gwamna Lugga ya kafa hedkwatar Arewa a garin, shekara guda bayan sojojinsa sun ci Kontagora a zamanin Sarki Ibrahim Nagwamatse. A nan aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904. Da mulki ya koma Kaduna, har gadar ƙafa ta Lugga aka kwance aka kai can, tana nan a wurin shaƙatawa na Gamji ana zuwa kallonta. Mu kuwa aka bar mana ginshiƙai da ciyawa. Ba don ƙaunar Lugga muke magana ba, ranku ya daɗe, kakanninmu sun sha wuya a hannunsa. Amma yaron da ya taka wurin da ƙafarsa ya fi wanda aka karanta wa a aji fahimtar yadda aka ci ƙasar nan.

Roƙonmu bai tsaya ga kuɗin gyara ba. Wurin yana neman mai shi ne. Gidan Sardauna a Kaduna yana tsaye ne saboda Jami'ar Ahmadu Bello na riƙe da shi, Mambayya kuma, gidan Malam Aminu Kano, tana hannun Jami'ar Bayero. Kowanne akwai wanda za a tuhuma in rufi ya yi yoyo.

Don haka muke roƙon a kafa kwamitin amintattu mai rajista, wanda ba na neman riba ba, da wakilan masarauta, da Ƙaramar Hukumar Wushishi, da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, da malaman tarihi, da dattawan Zungeru. A yanka musu wa'adi, kada kujerar ta zama ladan siyasa da ke sauka tare da gwamna. Asusu ya zama nasu, a karanta shige da fice a bainar jama'a kowace shekara. Kafin komai, a auna filin a ba shi takarda, tun masu gona da masu gini ba su shige shi ba.

Garin da aka gina wa madatsar lantarki mai megawat 700 ba zai rasa masu tallafi ba. Ranku ya daɗe, a fara da kiran taron farko a fadar Kontagora.