Ciyar da Kyanwar Unguwa Kaɗai Ba Ya Isa

A Santambul kyanwar titi ba ta da ubangida, amma da wuya ta kwana da yunwa. Masu shaguna suna ajiye mata ruwa da abinci a bakin ƙofa, idan sanyi ya kankama a kafa mata ɗan akwatin kwana. A hunturun 2016 limamin masallacin Aziz Mahmud Hudayi da ke Uskudar, Mustafa Efe, ya buɗe wa kyanwoyin unguwa ƙofa, har aka ga wata tana jido 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya zuwa kan mumbari.

Wannan ne ake yaɗawa a Facebook. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne dokar da Turkiyya ta kafa a 2004, wadda a lokacin ta ɗora wa ƙananan hukumomi kama dabbar titi, a yi mata aikin hana haihuwa da allurar rigakafi, a mayar da ita inda aka ɗauko ta.

Nan gizo ke saƙa. Cikin mage wata biyu ne da 'yan kwanaki, tana iya ɗaukarsa tun tana wata biyar da haihuwa, kuma takan haihu sau biyu ko uku a shekara. Mai zuba mata sauran tuwo da kan kifi ya samu lada, sai dai baɗi bakuna goma zai tarar a ƙofarsa. Daga nan sai a koma ga abin da aka saba a unguwanninmu: a cusa su a buhu a kai bola, ko a ce mayu ne a bi su da jifa. Kafin wata guda wasu sun maye gurbinsu, domin abincin da ya jawo na farko yana nan. Muzurun da likitan dabbobi ya dandaƙe kuwa yakan rage faɗa da kukan dare, ya kuma tsare wurinsa.

'Ya'yan ne suka fi shan wuya a hannun masu tausayi. Wanda ya tsince su a lungu kada ya yi gaggawar kwashewa. Galibi uwar ta fita neman abinci ne. Madarar shanu zawo take sa su. A bar su da nonon uwa har su kai sati takwas, a ciyar da ita, sannan a nemi gidajen da ɓera ya addaba a raba musu.